Busasshen Wuri a Tsakiyar Alkama

Mun tashi da asuba daga Gyadi-Gyadi, ni da wana, muka biya ta Tarauni muka sha koko da ƙosai, irin ƙosan yanzu da sai ka laluba leda kafin ka same shi. Inna ce ta aike mu. Tun da aka sayar wa wani kamfani gonakin ƙauyenmu babu wanda ya ziyarci kabarin Baba, ita kuma ta ce hankalinta ba zai kwanta ba sai mun je mun yi masa addu'a.

Titin Zariya lafiya lau, sai dai direba ya cusa mu huɗu a baya kamar buhunan albasa. Gaba da Kura muka sauka muka hau acaɓa.

Wallahi ban gane wurin ba. Babu tsamiyarmu, babu shinge, alkama ce kore shar har iya ganin ido, kuma babu mutum ko ɗaya. Sai wani ƙaton injin ban ruwa a bakin gona, ya fi ɗaki tsawo, yana naɗe baƙin tiyo a hankali. Can ƙarshen tiyon wani keken ƙarfe yana feshin ruwa, yana tahowa shi kaɗai, tak, tak, tak. Wana, sarkin cika baki, ya koma bayana yana motsa leɓe.

Wani dattijo maigadi ya fito daga rumfa. Ya ce tarakta ce ke jan tiyon zuwa ƙarshen gona da safe, ƙarfin ruwa kuma ya naɗo shi. Na ce kabari muke nema, ga shi an baje komai.

Ya nuna da sandarsa. A tsakiyar koren akwai wani wuri busasshe, faɗin tsakar gida. Ya ce nan ce makabartar, ma'aikatan kuma 'yan ƙauyen ne. Ba sa huɗa wurin, kuma in an zo layinsa sai su tsayar da tarakta kafin ta kai, don haka ruwa ba ya isa wurin. Manaja ya yi faɗa har ya gaji.

"Ba ma jan ƙarfe a kan mutanenmu," in ji maigadin.

Ba mu iya ware na Baba ba, sai muka yi musu addu'a gaba ɗaya.

Da magariba muka iso gida, muka gaya wa Inna, ta share ido. Ni kuwa kunya ce ta kama ni. Na tafi da niyyar zagin kowa, ashe duk shekarun da nake zaune a Kano, leburorin da ban san sunansu ba ne suke tsare min ubana.