Gonar Dawar Mamuda Kuku

A shekarar 1966 na fara sanin Mamuda, a Gummi, cikin bazara. Ina sabon fitowa daga makarantar mishan aka haɗa ni da wani saurayi Ba'amurke mai aikin sa-kai na haƙar rijiyoyi, in riƙa yi masa tafinta. Sunansa ya yi wa mutane nauyi a baki, sai suka raɗa masa Jibo. Mamuda ne mai dafa masa abinci, shi ya sa har ya bar duniya ake ce masa Mamuda Kuku, ko da yake bai sake riƙe tukunyar kowa ba.

Jibo mutum ne mai fara'a da son fura. Amma da labari ya zo cewa in wa'adinsa ya cika za a ɗauke shi soja a kai shi Biyetnam, sai abinci ya fita ransa. Wata la'asar, Mamuda yana ɓarar gyaɗa, ya ce in tambaye shi me mutanen can suka yi wa ƙasarsu. Iyaka suka ci musu?

Jibo ya zauna a ƙasa ya jawo ɓawon gyaɗar. Ya ce ko iyaka ba su haɗa ba, teku ne tsakaninsu. Faransa ce ta fara gwabzawa da 'yan kwaminis a can. Manyan Amurka suka ce in ƙasar nan ta faɗa hannunsu, maƙwabciyarta ma za ta bi, kamar gobara a jerin rumbuna. Sai suka aika da kayan yaƙi. Ya ajiye ɓawo ɗaya. Faransa ta sha kashi ta tafi, sai suka aika da masu koya wa sojan kudancin ƙasar aiki, koyarwa kawai, ba faɗa ba. Aka kashe wasu cikinsu, aka aika da jiragen sama. Sai masu gadin filin jirage. Sai masu gadin masu gadi. Ɓawo ya taru tuli a gabansa. Ya ɗauki na ƙarshe ya dafa shi a ƙirjinsa, ya ce wannan shi ne. Mamuda bai taɓa ganin Bature cikin tsoro ba sai ranar. Shekara na zagayowa Jibo ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Mamuda ya koma garinsu, Dogon Marke, a ƙasar Bukkuyum, ya kama noma ya auri Rabi. Gonarsa tana bakin daji, kuma kowane rani wani Bafulatani mai suna Hayatu ke sauke shanunsa a ciki. Shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da dawa, haka aka gada. Da aka haifa wa Mamuda ɗansa Sadiq, zazzaɓi ya kwantar da Rabi har nononta ya ƙafe. Hawwa'u matar Hayatu tana goyon nata ɗan, Manu, sai ta haɗa su biyu ta shayar har yaye. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, shi ma Mamuda bai san da bakin da zai yi godiya ba.

A kakar 2003 wasu baƙin makiyaya suka ratsa ta Tungar Nababa, ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, suka cinye gonar wake suka wuce. Baƙi sun yi nisa, rugar Hayatu ce a kusa, sai laifi ya sauka a kanta. Mutanen tungar ba su da yawa, suka zo Dogon Marke neman gudummawa, don akwai auratayya tsakani.

A ƙofar mai gari aka yi zaman. Wani ya miƙe ya ce, "Jama'a, in aka cinye na Tungar Nababa yau, gobe namu ne, jibi na gaba da mu." Mamuda ya ɗago kai. Ya taɓa jin wannan magana, da wani harshe.

Aka aika musu da tocila da usur. Bayan kwana kaɗan aka tura maharba su nuna musu yadda ake tsaron gona. Mamuda ya ce shi bai yarda da wannan ba.

"Nunawa kawai, Kuku," in ji mai gari. "Mi ya kai ka rawar jiki? Ko Baturenka ya bar maka tsoronshi gado?"

Aka kwashe da dariya. Mamuda ya fara ba su labarin ɓawon gyaɗa, wani ya ce a kawo mishi gyaɗa ya yi musu duba. 

Ba a jima ba aka fasa wa ɗaya daga cikin maharban kai da sanda a bakin burtali, ba wanda ya ga mai dukan. Sai aka ce samari su je su tsare maharba. Sadiq, wanda a lokacin magidanci ne mai sana'ar kabu-kabu, shi ke jigilarsu a babur, su da adduna da bindigogin toka.

Mamuda ya tare shi a zaure. "Ina za ka?"

"Kai su kawai nike yi, Baba. Ni ko sanda ban riƙe ba."

"Haka aka ce wa Jibo."

"Baba, don Allah bar zancen mutumin ga. Nan Dogon Marke ne."

Tun daga ranar tuwo ya daina wuce wa Mamuda. Ko usur yara suka busa sai ya zabura. In ya rufe ido sai ya ga Sadiq da Manu, waɗanda suka sha nono ɗaya, an kwantar da ɗayansu an rufe da zane, kuma bai san wanne ba.

Ranar Alhamis aka yanke shawara: gobe in an sauko daga Juma'a za a je a tashi rugar. Da hantsin Juma'a Mamuda ya saɓa addarsa ya nufi can. Ya tarar an ɗaure kaya a kan jakuna, mata sun yi jugum, shanu na ta kuka don an hana su fita kiwo. Manu na tsaye da takobi a kafaɗa, idonsa jawur.

"Kaɗo, ka zo kallo?" in ji Hayatu. Wasan Fulani da Hausawa ne da suka saba.

"Bahillace, mi kake jira? Ka tashi mana!"

"In bi ta ina? Burtali na hannun samarinku. Yamma gulbi ya cika. Sai in fuka-fukai za ka ba shanu."

Mamuda ya waiwaya gabas. Gonarsa ce kaɗai ta raba rugar da dajin da ke fita kudu. Dawa ta yi kai ta sunkuya, jajir da ita, saura kaɗan a sa mata lauje. Abincin gidansa ne na shekara. A ƙasarmu manomi ya gwammace a taɓa jikinsa da a taɓa dawar da ta nuna, kuma duk rigimar nan a kan abin da bai kai wannan ba aka fara ta.

Ya je ya sa adda ya sare shingen ƙaya, ya ja shi gefe.

"Koro su."

"Mamuda, ka san abin da kake yi? Ba su barin ko zangarniya."

"Na ce ka koro su, rana na yi!"

Shi ya shiga gaba, don duk wanda ya hango ya san mai gona ne da kansa. Shanu suka biyo shi, suna karya kara suna fizgar zangarniya. Ƙarar karyewar nan tana shiga kunnensa kamar ƙashinsa ake takawa. Bai waiwaya ba.

Sun kai tsakiya sai ga ƙugin babur. Sadiq ne, ya goyo wani maharbi da bindiga, sun zo leƙen rugar. Maharbin ya diro ya ɗaga bindiga. Manu ya zare takobi.  Abin da Mamuda ya iya kawai shi ne ya taka ya tsaya tsakaninsu, ya buɗe hannuwa, tsoho cikin karan dawa.

Sai Hawwa'u ta sauke ƙwaryar da ke kanta ta ce, "Sadiqu, kai ne? Ka karya kuwa?"

Sadiq ya dube ta, ya dubi ubansa, ya dubi gonar. Ya kashe babur.

"Na karya, Inna," ya ce. Ya juya ga maharbin. "Sauke abin ga, Malam. Gonarmu ce. Mai ita ya buɗe, ina ruwanka?"

Maharbin ya yi ta zage-zage, amma ya sauke. Sadiq ya zare makullin babur ya sa aljihu, ya ce ba mai komawa gari sai saniyar ƙarshe ta shige daji. A bakin dajin Hayatu ya kama hannun Mamuda zai yi magana, Mamuda ya zame ya ce, "Tafi, kar ka sa in rasa Juma'a."

Da aka sauko masallaci samari suka tarar da ruga ba kowa, sai toka da turaku. Suka ƙone bukkokin suka dawo. Maharba suka watse, don babu sauran shanun da za a tsare gona saboda su. An daɗe ana kiran Mamuda munafuki, wasu suka ce tsufa ne ya taɓa shi, aka daina ba shi wuri a ƙofar mai gari. Shekarar nan 'yan'uwan Rabi ne suka ciyar da gidansa. Hayatu bai sake dawowa ba, gonar kuma ta rasa taki, ba ta ƙara yin irin wancan kan ba.

Mamuda ya rasu a 2008. Da na je ta'aziyya na tambayi Rabi ko ya taɓa gaya mata dalilinsa. Ta ce ko sau ɗaya. Ranar dai da ya dawo, ƙaiƙayin dawa duk a rigarsa, ya nemi ruwa ya sha, ya zauna ya cinye tuwonsa tas, karo na farko tun ranar da ya tare Sadiq a zaure.

"Ban tambaye shi ba," in ji ta. "Ni ce na kwanta ciwo, Malam. Na san nonon wa ya biya."