Inna Ba Ta Magana a Kaset

Ranar wata Talata ce cikin Agusta, a farkon shekarun 1980. Ruwan da aka kwana ana yi bai gama tsiyaya daga indararon gidanmu na Sharaɗa ba, jiniyar masaƙa ta buga wa 'yan aikin safe, amma ranar Baba bai zabura ya ja kekensa ba. Ya nemi hutun yini guda don ya raka ni filin jirgi. Ina da shekara goma sha shida, ina aji huɗu a sakandare, kuma an zaɓe ni cikin ɗaliban da za a yi musayarsu da wata makaranta a Amurka har tsawon shekara. Tsakar gida ta cika da maƙwabta, kowa da addu'arsa da sautunsa, wannan agogo, wancan takalmi, sai ka ce Makka zan tafi. Inna kuwa tana madafi ta ba mu baya, tana fifita wutar da ta riga ta kama. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, zan tafi." Ba ta juyo ba. Ta miƙa wa ƙanwata Rabi ƙullin yaji da dambun nama, ta ce, "Ba wa wancan. Ki ce Allah ya tsare."

Ni ne ɗan fari, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana, Auwalu, a bakinta ba. Ɗanwake take yi na sayarwa, ni nake kai wa ma'aikata a bakin get ɗin masaƙa kafin su fito cin abinci, amma ko aike na za ta yi sai ta fuskanci bango ta ce, "Wai ba wanda zai kai ɗanwaken nan ne sai ya huce?" Sai in ɗauki robar in bi ta tsakanin gonakin gero da katangun kamfani, in tsallake kwatar da ruwan rini ke bi, yau ja gobe shuɗi. In na sayar, mu zarce jujin masaƙa da abokaina mu tsinci ƙyallaye, mu cusa a tsohuwar safa mu yi ƙwallo, mu yi ta bugawa har magariba. Na san tana sona, don ƙwan da ya fi girma kullum a kwanona yake ɓuya a ƙarƙashin abinci. Amma yaro ba ƙwai kaɗai yake so ba. Ina jin yadda take kiran Rabi, tana mata faɗa, tana mata tsiya, ni kuwa ko zagin ma ban samu ba. Shi ya sa kafin in tafi na ja Rabi gefe na ce mata, in za a yi mini kaset, ta yi duk dabarar da za ta yi Inna ta ce wani abu. A lissafina, wanda ya tsallaka teku ai ya cancanci a ɗage masa doka.

Gidan da aka sauke ni na wasu manoma ne masu shanun madara, a wani ɗan ƙauye mai sanyin tsiya. Matar gidan, Helen, tun a filin jirgi ta rungume ni a gaban jama'a, na sandare kamar muciya. Daga ranar bakinta bai huta da sunana ba. Ta kira ni in tashi, ta kira ni in ci abinci, ta kira ni don kawai ta tambayi ko ina lafiya. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta, na kasa, na koma ce mata Mama. Da sassafe ni da mijinta muke shiga rumfar shanu mu maƙala musu injin tatsa, in kwashe kashi da shebur, in yi wanka, in tsaya a bakin titi in jira motar makaranta mai ruwan ɗorawa. Karensu a falo yake kwana, kuma duk gidan ba wanda ya fi ƙauna sai ni, don haka na ware riga guda ta salla na rataye can saman ƙofa inda harshensa ba ya kaiwa.

Makarantar ba bulala, ba noman gonar makaranta, ba sharar fili, amma sai na gwammace bulalar. Ni kaɗai ne baƙar fata a ajinmu. Yaran ba mugaye ba ne, jahilcinsu ne ya yi yawa. Wani ya tambaye ni ko zaki yana shigowa gidanmu, ni da na tashi cikin hayaƙin kamfani, ban taɓa ganin zaki ba sai a keji. Malamai suna cewa in dube su cikin ido in ina magana, ni kuwa wuyana ya saba da sunkuyo. A ɗakin cin abinci tsoron naman alade ya sa na lizimci burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, in ɗan barbaɗa yajin Inna a ɓoye. Ƙwallonsu da hannu ake ɗauka a ruga, aka sa ni sau ɗaya, wani ƙato ya bi ta kaina, ban sake ba. Babbar Salla ta same ni a ajin lissafi, ba wanda ya san ranar ta fi sauran ranaku.

Kaset na farko ya iso bayan Sallar da 'yan makonni. Wani abokin aikin Baba, mutumin Damagaram, shi ke da rediyo mai ɗaukar magana, a tsakar gidanmu aka yi. Na kulle ɗaki na kunna. Baba ya yi sallama ya yi nasiha a kan salla da karatu, maƙwabta suka bi layi suna tuna mini sautunsu. Can sai na ji Rabi tana cewa, "Inna, ga shi yana ɗauka, ki yi magana mana." Sai ƙarar taɓarya a turmi. Daga nesa na ji Inna ta ce, "Ke, ɗauke mini abin nan daga nan." Mata suka fashe da dariya. Na yi ta mayar da wurin ina saurare har zaren ya fara laushi. Ba da ni take ba, amma dai muryarta ce, na ce a raina na gaba za ta saki jiki.

Na gaba ya zo cikin tsakiyar sanyi, lokacin da dusar ƙanƙara take rufe ƙofa sai mun haƙa hanya da shebur. Babu taɓarya a cikinsa, babu dariyar mata. Baba ya yi nasiharsa, Rabi ta zo ta ce, "Yaya, Inna tana gaishe ka," da wata murya a shaƙe, na ɗauka mura ce. Ban kawo komai a raina ba, kuma wa zai kawo? Uwar da ba ta yi maka magana kana gabanta ba, shirunta a kaset ba labari ba ne. Haushi dai na ji. Ga Helen, wadda ba ta haɗa komai da ni ba, tana saƙa mini hular sanyi tana shafa kaina, ga wadda ta haife ni ta kasa ba ni kalma ɗaya. Na sayi kaset na zauna na yi magana da Inna kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Na ba ta labarin shanun, da karen, da yajinta da ya kusa ƙarewa. Na ce, "Inna, don Allah ko sunana ne ki faɗa, ba wanda zai ji sai ni." Amsar ta zo a bakin Baba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Innarka ta ji saƙonka. Ka san halinta. Ka mai da hankali ga abin da ya kai ka."

Na dawo da damina ta sake zagayowa, da akwati cike da sautun mutane da rigar sanyi mai laushi da Helen ta taya ni zaɓa wa Inna. Baba da mutumin Damagaram suka tarye ni. A tasi ina ta zuba, su kuwa sai "to" da "madalla". Da muka shiga gida na ga madafi a share, ba toka, tukunyar ɗanwake a kife. A zaure Baba ya zaunar da ni ya ce, "Auwalu, sai haƙuri. Innarka Allah ya yi mata rasuwa tun watan Mauludi. Ciwon shawara ne ya kama ta." Na lissafa a raina. Tun kafin kaset na biyu ke nan. Wato sun zauna a tsakar gidan nan sun kunna muryata ina roƙon matar da ke kabari, suka kuma ɗauki rediyo suka ba ni amsa. Ban taɓa ɗaga ido na dubi Baba ba sai ranar. Na ce, "Baba, da kun gaya mini." Ya ce, "Da ka yi me? Ka baro karatun?"

Na yi makonni ba na cin abinci tare da shi. Rabi ce ta same ni a bayan gida wata ranar da yamma, yarinyar da aka sa ta yi mini ƙarya da bakinta tana cikin makoki. Ta ce in daina ganin laifin Baba, shi da farko ya so a buga mini waya ta makaranta. Inna ce ta hana, ana gobe za ta rasu, ta sa ya yi mata alkawari. Na ce ta faɗa mini daidai yadda Inna ta faɗa, kada ta canza ko kalma. Na riƙe numfashi ina jira. Rabi ta share ido ta ce, "Cewa ta yi, kada a gaya wa wancan yaron, a bar shi ya gama abin da ya je yi."

Yau masaƙar ta daɗe da rufewa, gonakin geron sun zama gidaje, 'yan adaidaita sahu ne ke jira a bakin get ɗin da nake talla. Ɗana na fari yana karatu a wata ƙasa, kullum da yamma uwarsa tana riƙe da waya suna kallon juna, tana kiran sunansa tana masa faɗan bai ci abinci ba. Mutuwa ma yanzu ba ta ɓoyuwa, kafin a yi wa mamaci wanka labari ya zaga duniya. Wasu tsofaffi suna cewa kunya ta ƙare, ni ba na tanka musu. In na ji ta fara kiran yaron, sai in tashi in fita ƙofar gida. Na gama karatun kamar yadda Inna ta so, kuma har yau ban san yadda sunana yake a bakinta ba.