Kwandon Sharar Malam

Akwai wata Asabar a cikin watannin takabata da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah. A ƙarshen shekarun 1990 ne, a gidanmu da ke Ƙofar Galadima cikin birnin Zariya.

A lokacin ina aiki a gidan rediyo a Kaduna, ina gabatar da shirin lafiyar iyali. Litinin in tafi, Juma'a in dawo. Maigidana, wanda nake kira Malam, ma'aikacin gwamnati ne a Zariya, mutum mai ƙarancin magana. Allah bai ba mu haihuwa ba. Da ya rasu, 'yan gaisuwa suka cika gida, sannan suka watse, aka bar ni da ɗakuna da agogon bango. Mai takaba ba ta fita sai da larura, don haka wurin aiki suka riƙa aiko mini da rubutun da zan fassara, ina bugawa a kwamfutar da Malam ya bari, ana zuwa ana karɓa a ɗan faifan kwamfuta da ake kira fulofi.

Abin da ya fi damuna a kwanakin nan shi ne muryarsa. Na ɗauki muryoyin ungozomomi da likitoci da masu tallan magani, amma ban taɓa miƙa wa mijina makirfo ba. Na fara lura cewa ina tuna kalmominsa, amma sautin yana dusashewa.

Ana cikin haka kwamfutar ta fara gardama. In na gama aiki na ce ta adana, sai ta ce rumbunta ya cika. Na ji tsoron taɓa komai, domin duk abin da Malam ya bari yana ciki, kuma ban san wanne ne nasa, wanne ne na injin ba. Namiji ba zai shigo mini ɗaki ina takaba ba, sai na aika wa sakatariyar ofishinsa, wata mata 'yar Wusasa wadda ta san kwamfuta. Ta zo da hantsi, ta yi mini ta'aziyya, ta zauna a kujerarsa ta kama linzamin kwamfutar.

“Hajiya, wannan ai ba ciwo ba ne, ƙoshi ne,” in ji ta. Ta nuna mini hoton wani ɗan kwando a gefen allo, ta ce duk abin da aka goge nan yake zuwa ya zauna, yana cin wuri, sai an zubar. Ta buɗe shi ta yi dariya. “Oga ke nan. Ko takardar tsire ba ya yarwa. A ofis ma haka muke fama da shi. Bari in zubar, yanzu za ki ga wuri.”

“Dakata, Malama. Mene ne a ciki?”

“Shara ce, Hajiya. Shi da kansa ya goge su.”

“In an zubar, ana iya dawo da su?”

“A'a. In sun tafi sun tafi.”

A gidan rediyo akwai ƙa'idar da aka koya mana tun muna sababbi: ba a goge faifai sai an saurare shi daga farko har ƙarshe, ko me aka rubuta a bayan kwalinsa. Hannuna ya saba da wannan fiye da yadda kaina ya saba. Na ce mata mu ji ko guda ɗaya ne.

Fayilolin da ke cikin kwandon ba su da suna sai lambobi. Ta dawo da ɗaya daga kwandon, ta kunna lasifika. Aka ɗan yi shuuu, sai kiɗan buɗe shirina, sai muryata tana sallama ga masu sauraro. Bayan minti guda ya yanke a tsakiyar jimla. Muka kunna na biyu, haka. Na uku, haka, sai dai ranar daban ce.

Malama ta dubi ɗan makirfon da ke kan teburin, ta dubi rediyon da ke kusa da shi. Ta ce manhajar da ya yi amfani da ita minti ɗaya kawai take ɗauka. Wato yana kara makirfo a bakin rediyo, ya ɗauki farkon shirin, ya saurara, sannan ya jefa kwando kafin in dawo ranar Juma'a. Mutumin da in na tambaye shi ko ya ji shirina sai ya ce, “Ina na ga lokacin shirin mata?”

“Kunya ce, Hajiya,” in ji ta a hankali. “Mazan birnin nan sai a hankali.”

Ta ƙara gaya mini cewa kwandon yana da iyaka, in ya cika yakan zubar da tsofaffi da kansa. Allah kaɗai ya san nawa suka riga suka tafi.

Ba ta sake maganar zubarwa ba. Ta dawo da su duka, ta tara su wuri guda. Ta share tarkacen da injin ke tarawa na wucin gadi, ta cire wasu manhajoji biyu da ba a amfani da su ta hanyar da aka tanada don cirewa, ta nuna mini ma'ajiyar fayilolin da injin yake rayuwa da su ta ce ko kusa kada in je. Wurin da aka samu kaɗan ne, ya isa aikin mako biyu ko uku. Ta ce sauti ne ke cinye rumbun, kuma fulofi ba zai ɗauke shi ba, dole wata rana in zaɓa. Ta sha ruwa ta tafi kafin azahar.

Sauran aikin nawa ne, kuma na iya shi. Na aika aka sayo kaset, na ajiye rikodata gaban lasifika, na riƙa kwashewa ɗaya bayan ɗaya, kullum bayan la'asar. Muryarsa na shiga nema, tawa nake ta samu. Nasa kaɗan ne: ƙarar kujera, cokali a kofin shayi, gyaran murya. A nan na san yadda ɗakin yake daga Litinin zuwa Juma'a. Shirun da nake zaune a ciki, shi ya riga ni zama a cikinsa shekara da shekaru, bai taɓa faɗa ba.

A wani fayil can kusa da ƙarshe, muryata ta fito a ɗan dishe. Ina cikin sallama sai na ji shi, kusa da makirfo, yana magana shi kaɗai: “Mura take yi.”

Kalma uku. Na tuna wata Juma'a da na dawo na tarar da zuma da citta a kan teburina, na tambaya, ya ce wani ne ya ba shi a ofis.

Na kwashe wannan a kaset biyu, na ba yayarsa ɗaya ta ajiye a gidanta. Na saurari kowane kaset har ƙarshe don in tabbatar ya ɗauka. Sannan na mayar da fayilolin kwando, na danna a zubar. Injin ya tambaye ni ko na tabbata. Na daɗe ina kallon tambayar kafin in ce e. Aka yi wata 'yar ƙara kamar ta murƙushe takarda, rumbu ya samu wuri, na ci gaba da fassarata.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini kwamfutarsa ta cika, abu ɗaya nake gaya masa: kada ka zubar da abin da ba ka buɗe ba, kada ka goge abin da ba ka da shi a wani wuri. Kuma in kana da mutum mai ƙarancin magana a gida, ka saurare shi tun yana nan, domin abin da ya fi so ya faɗa maka mai yiwuwa shi ne wanda yake ɓoyewa.