Gaisuwa a Gangaren Hanyar Yelu

Ina tsakiyar gangaren dutse a hanyar Yelu zuwa Gaya birkin kekena ya tsinke. Keke na ta tsalle a kan tsakuwa, buhun shinkafa na tura ni ta baya.

Zamanin Nasara ne, ina saurayi. Jiya jikana ya taɓa tabon gwiwata, shi ya tuno mini.

Sai ga mahaifin Hadiza, wadda nake nema da aure, yana hawowa a kan jaki. A wurinmu ba a wuce suruki a kan keke, sauka ake yi a durƙusa. In na wuce shi fuu, wa zai yarda birki ne?

Na runtse ido na kayar da kaina a gabansa. Shinkafa ta watse, gwiwa na jini.

Na ce, "Baba, an wuni lafiya?"

Ya daɗe yana kallona, har na fid da rai da auren. Sannan ya ce, "Gobe in ka gan ni a nan, ka wuce abinka. Miji nake nema wa ƴata, ba takaba ba."

Da ku ne, wucewa za ku yi ko faɗuwa?