Uwar Kati da Mata Biyu Masu Suna Ɗaya

Shekara ashirin da uku ta yi a ɗakin ajiye katunan majiyyata na wani ƙaramin asibiti, ɗaki marar taga, kantoci har rufi, da fanka ɗaya mai kuka. Uwar Kati ake ce mata, har likitoci. Maigidanta kan yi mata tsiya wai ta fi sanin lambar katin mutane a kan shekarun 'ya'yanta, ita kuwa ba ta musu.

Da aka kawo kwamfuta, sai aka fara yi mata kallon tsohon yayi. Ta shiga ajin koyon rubuta manhaja na ranar Asabar, ita ce babba a ajin, tana laluben madannan kwamfuta da yatsa biyu. Ta sha wuya ba kaɗan ba, amma ranar da malamin ya zo kan hanyoyin tara bayanai, sai ta ji an shigo gonarta. Jeri, in ji shi, yana riƙe abubuwa bi da bi. Ƙamus kuwa, kowane bayani da mabuɗinsa, kuma mabuɗi ɗaya ba ya ɗaukar biyu: in aka maimaita shi, sabon bayani ya danne tsohon.

Maganar nan ta tsaya mata a rai. Ranar Litinin ta tambayi injiniyan da ke zuba katunan a kwamfuta da me ya yi mabuɗi. Ya ce da sunan majiyyaci, ko ɗagowa bai yi ba.

Ta zaro kati biyu ta ajiye a gabansa. Mata biyu ne, suna ɗaya har na mahaifi. Ɗaya mai ciwon suga, ɗayar kuma wata allura ta taɓa kai ta bakin kabari.

"Ɗana, nemo min su," ta ce.

Ya nema. Mai suga kaɗai ta fito. Ɗayar ta yi ɓatan dabo, har da gargaɗin allurar da ke katinta.

Sai ya jawo mata kujera. Kwana huɗu suka yi suna mai da lambar kati mabuɗi, suka tsamo mutum sittin da ɗaya da aka danne.

Ba a ƙara mata girma ba, ko takardar yabo ba ta gani ba. An dai bar ta a kan aikinta har ta yi ritaya bayan shekara shida. Yanzu tana gida, gwiwa ta hana ta yawo, sai 'yan kajin da take kiwo a bayan ɗaki.