Kumfar da ta hana ni hawa jirgi

Salamu alaikum. Na daɗe shiru, har wasu sun zaci na koma Damagaram. Ina nan Riyadh, ido ne ya kwantar da ni.

Direba nake a wani kamfani mai ƙera injinan da ake haɗa ƙwaƙwalwar waya da su. A can ƙasar masu kamfanin aka rage ma'aikata, sai aka rufe ofishin nan. Mai wankin injiniyoyinmu ya zauna ba aiki, mai yi musu abinci ya zauna. Ni aka bar wa kai injiniyoyin filin jirgi, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da na kai na ƙarshe, ina dawowa da rana tsaka, na fara ganin taurari suna yawo a kan kwalta. Har sha'awa suka ba ni. Washegari wani labule mai duhu ya fara saukowa a idona na dama, a hankali.

Malam Sani, abokin ɗakina a unguwar Ulaisha, ya ce, "Ilu, wannan ba gajiya ba ce. Tashi mu je mustashfa tun inshorarka ba ta mutu ba."

A asibitin aka ɗiga mini magani a ido, aka haska ciki. Likitan, Basudane, ya ce, "Fatar bayan idonka ta ɓalle. Yau za mu yi aiki."

Na ji tsoro. Direba ba ido?

Suka sa kumfar iska a ciki don ta danne fatar, aka ce in yi ta kwanciya ruf-da-ciki. Duniya ta koma kamar ina kallonta daga ƙarƙashin ruwa. Wani lokaci in ga gonarmu tana lilo, in ji muryar Hadiza, matata, a waya kamar daga rijiya: "Malam, kana ganina a ranka dai ko?"

Kamfani ya shirya mini tikitin gida. Likita ya ce a'a, mai kumfa ba ya hawa jirgi, idon zai lalace. Cikin wannan jiran Malam Sani ya samo mini sabon kafili, wato ubangidan aiki, aka mayar da igamata, takardar zamana a ƙasar, hannunsa.

Kumfar ta yi ta ƙanƙancewa, har wata safiya na neme ta na rasa. Na kalli tafin hannuna, na ga zanensa.

Alhamdu lillahi. Malam Sani, Allah ya saka.

'Yan'uwa, in kuka ga walƙiya ko inuwa a ido, kada ku kwana. In aiki ya ƙare, ku tambayi yaushe inshora za ta tsaya, ku je asibiti kafin nan.