Shekarar da Ƙasar Adar Ta Yi Taki Tara

Bayan babban fari na biyu ne wata mota ta tsaya a bakin gonata, kan tudun gabas da garinmu, a ƙasar Keita, cikin Adar. Bature ɗaya ne, sai wani mushe, wato ɗan boko ma'aikacin gwamnati, mai furfura, mutumin Madawa, wanda ke yi masa awo da tafinta. Suka haƙa rami, suka zuba siminti, suka kafa guntun turke mai ƙusar tagulla a ka.

Mushen ya yi mini bayani. Wai ƙasa tafiya take, a hankali, kamar tsiron farce. Wai akwai tauraron ɗan adam mai madubai a jiki, ana harba masa haske daga ƙasa, hasken ya dawo, da haka ake gane inda wuri ya matsa. Namu turken ma za a dawo a sake auna shi.

Na ce, "Mushe, ina za ta?"

Ya ce, "Shi muke son sani. Kai dai ka kula da turken."

Na kuwa kula da shi har na wuce gona da iri. A damina ta biyu ruwa ya yanko kwazazzabo, yana cin ƙasa har saura kamu biyu ya kai turken. Mu nan, in ruwa ya nufo rumbu, ɗaga rumbun ake yi a kai shi tudu. Na kira taubashina, muka tone turken, muka ɗaura wa jakinsa igiya, muka ja shi sama taki tara. Na dasa shi tsaye, na kewaye shi da ƙaya. Akwai rubutu a jikin tagullar, amma a lokacin ni da jakin karatunmu ɗaya.

Da rani suka dawo. Kwana uku suna awo, kullum Baturen na ƙara ja kamar gauta. Ran na uku ya dinga buga takarda a kan mota yana yi wa mushen tsawa. Direba ya raɗa mana cewa lissafi ya nuna Adar ta yi tsallen da ba a taɓa gani ba. Bature ya ce awon farko ne mushen ya ɓata, kuma da sun koma birni aikinsa ya ƙare. Mutum mai ƴaƴa bakwai.

Taubashina ya ja ni gefe. "Kai, bawana, rufe bakinka. Su suka ce tana tafiya. To, ga ta ta tafi."

"Jakinka ne ya tafi da ita."

"Shi zai faɗa?"

Na dubi mushen. Ya cire hula yana share gumi, bai ko kare kansa ba. Na je na kama hannun rigarsa, na kai shi bakin kwazazzabo, na nuna masa inda tsohon ramin yake, wanda yanzu iska ce kawai a wurin. Na ƙirga masa takin ɗaya bayan ɗaya.

Ya daɗe yana kallona. "Malam, da wa ka yi wannan aiki?"

"Da jaki."

"Na gani," in ji shi.

Ya fassara wa Bature. Baturen ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai, can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce. Da ya tashi, ya ba mushen hannu a gaban kowa.

Sabon turken kan falalen dutse suka kafa shi, nesa da gonar kowa, ba su kuma damƙa wa kowa amanarsa ba. Mushen ya zauna a aikinsa har ya yi ritaya.